Yatsan Ɗantani

Ƙofar Mata, Kano.

Zuwa ga 'yata Sa'ida, a Zariya.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ni ubanki Ari nake faɗa, Malam Ilu ke rubutawa.

Tun shekarar da aka sauya hannun tuƙi, motoci suka yi ta karo a Kano, rabon da wani marini ya kai karkare asibiti. Gautan kura ne gatanmu: a huda ɗan, a zura yatsan da ya kumbura, a ɗaure. Ga shi har soja za su miƙa mulki bai kunyata ni ba.

Kin ce malamanki masu binciken magani suna neman shaida. To, Allah ya kawo. Karkare ya kama babban yatsan Ɗantani, abokina na karofi. Larai matarsa ta ce asibiti, na ce ta je ta ji da tukunyarta. In ya warke sai ki kai musu labari.

Allah ya yi miki albarka.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen gida.

Gaskiyarka ce, mun gwada ruwan gautan, yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Amma Baba Ɗantani yana da ciwon suga, kuma miki a jikin mai suga ba ya jira. Da na san da shi za a nemo min shaidar, da ban roƙa ba. Don Allah ka duba, wane launi yatsan yake? In ya yi baƙi, ku tafi asibiti a ranar.

'Yarka, Sa'ida.

*

Sa'ida,

Bayan gaisuwa. Wane launi? Yatsan marini kike tambaya! Tun kafin a haife ki hannun Ɗantani yake cikin ruwan baba na rini. Ilu ma sai da ya ajiye alƙalami ya yi dariya.

Zafin ya ɗauke gaba ɗaya, ko tsinke aka soka ba ya ji. Wannan ba sauƙi ba ne? Jiya har tsokanata yake: "Ari boka, ka ce wa 'yar boko ta zo ta ɗauki hotona." Sai dai akwai ɗan wari. Na sake sabon gauta. Larai ta daina amsa sallamata.

Ki gaida malaman naki.

*

Baba,

Gaisuwa. Rashin jin zafin nan shi ne abin tsoro. Ka wanke masa hannun da toka da lemon tsami, ka gani da idonka. Na roƙe ka.

Sa'ida.

*

Sa'ida,

Na gaishe ki. Na ce wa Ilu ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara min.

Na wanke. Shuni ya dusashe a sauran yatsun, na babban ya ƙi fita. Ba shuni ba ne, Sa'ida, yatsan ne ya yi baƙi. Har ya fara hawa tafin hannun. Da wannan yatsan yake matse zane, da shi yake ciyar da gidansa.

Na ce, "Tashi mu je asibiti." Ya ce, "Kai ma Larai ta saye ka? Kai ka faɗa a gaban marina cewa zai warke. Ba zan sa a yi maka dariya a karofi ba." Kin ji. Mutuncina yake gadi da hannunsa, kuma ni na ɗora masa gadin.

Kada ki ɗauki laifin nan, ba naki ba ne. Kada kuma malamanki su zargi gauta, ya yi iyakar abin da Allah ya ba shi. Ki gaya musu wannan ma shaida ce, su rubuta.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan tsaya a bakin karofi in faɗa da ƙarfi cewa maganin Ari ya kasa. Su yi dariyarsu su gama. In babu sauran abin da zai tsare min, sai in kama hannun nasa mu tafi.

Ubanki, Ari.