Ban Sa Wa Rami Albarka Ba

Litinin, 2 ga Afrilu, 2001

Uwaisu ya shiga rami. A bakin Asibi maƙwabciyata na ji, ba a bakinsa ba. Ga shi na rubuta sunansa, tunda takarda ba ta san kunyar ɗan fari ba. Ko wannan kaɗai na samu a ajin yaƙi da jahilci, ban yi asarar zama ba.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Ramukan suna bayan gari ta hanyar Mainika, inda da muke ɗebo farar ƙasa ta shafen ɗaki. Yanzu zinari ake nema. Rami kamar rijiya, mutum ya ɗaura tocila a goshi ya sauka, ya yi ta bin jijiyar dutse ta ƙarƙashin gonakin mutane. Babu ko tokari. Jakuna sun daina ɗaukar taki, ƙasa suke kaiwa rafi a wanke. Har daga Kabo samari ke zuwa.

Na ce wa Malam, babansa, ya hana shi. Ya ce, "Da me zan hana shi, Gwamma? Taki ya gagara, kananzir ya gagara." Ya juya ya ci gaba da duba allunan ɗalibansa.

To. Shi ya haƙura. Ni ban haƙura ba.

Asabar, 14 ga Afrilu

Ashe 'yan rami ba sa sauka da wanda uwarsa ba ta yarda ba. Wai zinari gudu yake, wai kuma rami rufta wa mutane yake. Asibi ce ta faɗa mini muna surfe. Ta ce Yelwa mai ramin ya tambayi yaron nawa ko an sa masa albarka a gida, ya ce an sa.

Ni? Yaushe?

Lahadi, 15 ga Afrilu

Na je.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a mai unguwa ya hana mata zuwa bakin rami, ko da talla. Na zura hijabina na tafi. Wani mai gemu ya tare ni, wai "Inna, mata ba sa wuce nan." Na ce Shari'ar da ta hana ni wucewa ita ta ce a bi uwa, matsa mini.

Na tsaya a bakin ramin na leƙa. Duhu kawai, da wani zafi mai tasowa kamar na murhu. Sai na kira sunansa. Tun da na haife shi bakina bai taɓa faɗa ba, yau na faɗa gaban maza.

Yelwa ya taso yana "Hajiya, a yi haƙuri." Na ce ban je Makka ba, kada ka yi mini daɗin baki. Ban yi wa yaron nan baki ba, Allah ya kiyaye, amma ban sa albarka ba, kowa ya ji.

Aka jawo shi sama, fari fat kamar an tsoma shi a gari. Yelwa ya karɓi digarsa. Wani daga baya ya ce, "A koma gida a sha koko, ɗan Inna." Suka yi dariya. Bai kalle ni ba.

Su yi ta yi.

Laraba, 25 ga Afrilu

Ba ya cin tuwona. Gaisuwa ma daga zaure, "Inna ina kwana," kafin na amsa ya fita. Asibi ta ce na kunyata shi a gari. Na ce mai rai ne ke jin kunya.

Talata, 8 ga Mayu

Ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗaki. Na ɗauka ban haƙuri ya zo. Ya rame.

Ya ce zai tafi Birnin Gwari, an ce can ma ana haƙa. Na ce can ma ai sai da yardar uwa. Ya ce, "Can ba wanda ya san ina da uwa, Inna."

A hankali ya faɗa, kansa a ƙasa. Da ma tsawa ya yi mini.

Juma'a, 11 ga Mayu

Na ce wa Malam a bar yaron ya tafi ɗin, ƙafarsa ce. Sai miya ta ƙone a gabana ina kallo.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. A nan dai, da ruwa ya zauna ake rufe ramuka da ƙaya kowa ya koma gona, Yelwa ba ya wasa da wannan. Can wa zai rufe? Wa zai zo ya gaya mini in wani abu... A'a. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 13 ga Mayu

Jiya na shiga wajen matar Yelwa, barkar haihuwa kawai na je. Na ga igiyar da suke sauka da ita a rataye a zaure, duk ta cinye. Ko akuya ba zan ɗaure da ita ba. Na faɗa wa Yelwa haka. Ya ce in ina da wadda ta fi ta in kawo. Ɓawon ramar da na noma bara yana nan, na tuƙa sabuwa na kai masa, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ba don kowa na yi ba, ganin ƙazamin aiki ne ba na so.

Da safe Yelwa ya aiko wa Uwaisu da digarsa. Yaron ya sha kununa, ya ƙara. Ban ce na yarda ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Da ya durƙusa zai fita bakina ya ce Allah ya tsare.

Wannan ai ko baƙo ana gaya masa.