Ƙuri'un Ɗalibaina Suna Hannuna, Kuma Akwai Abin da Na Ɓoye Musu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma a yi haƙuri idan bayanin ya ɗan yi tsawo, so nake a fahimce ni kafin a yanke min hukunci.

Na karanta kwamfuta a jami'a, na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai na fara koyar da harkar kirifto duk Asabar a bayan wani shagon gyaran waya a Kakuri. Ɗalibaina mutum ashirin da uku ne, yawancinsu 'yan kasuwa. Akwai wani ƙaramin koyin, wato kuɗin kirifto, da muke amfani da shi, duk mai riƙe da shi yana da ƙuri'a idan za a canza dokar tsarin. Da yake ba su da lokacin karanta dogon Turanci, sai suka danƙa min ƙuri'unsu gaba ɗaya, suka ce Malam duk abin da ka zaɓa shi ne namu.

Yanzu an kawo wani ƙuduri. Tsarin yana da nawa, idan mutane suka yi yawa turawa ɗaya sai ta ɗau awanni, caji kuma ya tashi. Ana so a faɗaɗa shi ya yi sauri, amma daga nan manyan na'urori masu wuta da intanet ba yankewa ne kaɗai za su iya tantance mu'amala, ƙananan kwamfutocin gida za su fita. Na gaya wa ɗalibaina cewa haɗari ne, idan abin ya koma hannun kamfanoni biyu ko uku, ranar da suka ga dama su rufe wa mutum asusu, to ina bambancinsa da banki? Har gobe ina ganin gaskiya ce, ko dai in ce akwai gaskiya a ciki.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, ni ma ina cikin ƙananan nan. Akwai tsohuwar kwamfuta a ɗakina a Barnawa tana aikin tantancewa da sola, ɗan ladan da take kawowa da shi nake sayen data da shiga Keke Napep. Ƙudurin na wucewa ta tashi daga aiki.

Bulus, abokina tun jami'a, shi ya haɗa min solar, don haka ya sani. Asabar da ta wuce muka yi sa-in-sa bayan darasi, ya ce ba 'yancin talaka nake karewa ba, kwamfutata nake karewa da ƙuri'un mutane. Na ce ra'ayina ya girmi kwamfutar, ya yi dariya ya ce to in faɗa musu mana. Ya tuna min da Madam Rifkatu, ɗalibata mai sayar da hatsi, wadda ɗanta ke turo mata kuɗi daga waje ta wannan koyin. Akwai ranar da direba ya kawo mata masara ya tsaya tun hantsi har la'asar, kuɗin suna maƙale a hanya. Da ta tambaye ni ko ba za a gyara wannan jiran ba, lacca na yi mata a kan raba iko, ta ce, "To ɗana, kai ka sani."

Wannan maganar tata ce ta hana ni sukuni. Wataƙila Bulus ya wuce gona da iri, wataƙila kuma ni ne ban san zuciyata ba. Ban yi musu ƙarya ba, amma gefe ɗaya na nuna musu, gefen da ya yi min daɗi.

Ranar Juma'a ake rufe ƙuri'a, darasi kuma sai Asabar. In faɗa musu a guruf ɗin ajinmu na waya yanzu, ko da za su daina yarda da ni ajin ya watse? In mayar wa kowa ƙuri'arsa, alhali na san wasu ba su iya kaɗawa ba? Ko in zaɓi abin da na yi imani da shi in yi shiru?

Da safen nan Madam Rifkatu ta turo min saƙon murya tana cewa, "Malam, ka dangwala mana kuwa?" Na saurara sau uku, ban amsa ba tukuna. Me zan ce mata?