Tukunyar Barkonon da Ta Ƙi Bushewa

Zuwa ga ɗana, babban yayan gida,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka da jikana mai kunnuwa irin naka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Babanku da ke ciwo duk ranar da aka ce ya gyara ƙofar ɗakin girki. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na fara riƙe biro.

Maganar Auta ce ta sa na zauna. A makarantarsu an ce kowa ya haɗa na'ura, malami zai duba, wanda tasa ta ƙi aiki sai ya maimaita shekara. Ita ta ɗauko wani ɗan allo mai wayoyi, bai kai tafin hannu ba, da wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ake cakawa a ƙasa. Wai ƙarfen yana jin laima ya gaya wa allon, lamba ta fito a kwamfuta. In ƙasa ta bushe lambar ta hau, sai ɗan inji ya turo ruwa ta tiyo. Ta caka shi a tukunyar barkonon da ke baranda, ta kafa dokar kada kowa ya ba shi ruwa.

To lamba fa ta ƙi hawa. Rana ta yi ta dukan tukunya, kwamfuta na cewa ƙasa jiƙe take. Auta ta ce laifin umarnin da ta rubuta wa allon ne. Ta goge, ta sake, ta canza waya, ta canza ramin da wayar ke shiga, har ta fara yi wa allon magana kamar mai lallashin jariri. Abinci ta daina ci, ta ce ita kanta ba na wannan karatu ba ne. 

Da safe za ta shiga wanka, ta zaunar da ni gaban kwamfutar, ta ce in karanta lambobin da ƙarfi tana ji. Ina bi da yatsa, lamba na ɗan hawa ina murna, sai kawai ta rikito ƙasa. Na ɗaga kai, ga Babanku tsaye a baranda yana karkaɗe kofinsa a kan tukunya. Ashe kullum nan yake juye ragowar shayi, ya ɗauraye kofin ya ƙara. Da Auta ta fito ta tsare shi, ya ce shi ruwa aka hana, ba wanda ya ambaci shayi, kuma barkonon bai taɓa kai ƙara ba.

Muka ƙwace kofi. Ya koma jan kujera kusa da tukunya yana yi mata jaje, wai ana azabtar da baiwar Allah saboda boko. Jiya ganye ya yi yaushi, ya sunkuya yana dubawa, sai inji ya tashi. Tiyon ba a ɗaure yake ba, ya miƙe ya wanke masa fuska da tabarau tas. Auta na tsalle tana ihun ya yi aiki, shi yana laluben hularsa. Jiyan sai da ta cinye kwano biyu na abinci.

Yanzu damuwata ɗaya. An ce malamin nasu shi ma mai tabarau ne, kuma sai ya sunkuya yake duba aiki. Don Allah ka kira ƙanwarka ka ce ta ɗaure tiyon nan, ni na faɗa ta ce ban san kimiyya ba.

Ka gaida surukata da ɗan jikana. Gwaggonka da kawunka tela suna gaishe ka. Babanku ma ya ce a gaishe ka, yana shan shayinsa a can bayan ɗakin girki inda muka mayar da shi.

Taka mai yi maka addu'a kullum,
Mahaifiyarka