Tankin da Zafinsa Ba Ya Motsi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai.

Kin san aikina a kamfanin madara zaman gaban allon kwamfuta ne. Kowane tankin dafa madara akwai ɗan akwati a jikinsa mai auna zafi, ya turo mini lambar zafin a kan allon ta cikin wayar lantarki. In zafi ya gaza, akwatin ya rufe famfo da kansa, don kada ɗanyar madara ta shiga kwalba. Lambobin nan kullum rawa suke, su ɗan hau su ɗan sauka. To, ta tankin ƙarshe ta daɗe a ƙame kamar an zana ta.

Jiya na sauka na taɓa bututunsa, sai na ji ɗumi-ɗumi kawai. Na buɗe akwatin, na tarar an cire wayar ma'aunin, an maƙala ɗan ƙarfen gwaji mai sa akwati ya ce komai daidai ne. Masu gyara kan sa shi in suna gwaji, su cire in sun gama.

Yaya, mijinki ne mai kula da akwatunan nan. Wataƙila mantuwa ce, kin san shi, mutumin da ke neman hularsa tana kansa. Amma kwanan nan in mun haɗu a matakala sai ya hau duba wayarsa. Don Allah, har yanzu yana kawo wa yara madarar kamfani?

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Kin ce tun watan jiya ya hana yara shanta, wai tana lalata haƙori, yanzu ta shago yake saya musu.

Na karanta wurin nan har idona ya yi zafi. Na so a ce mantuwa ce, wallahi na so. Ban san ko shugaban sashe ne ya matsa masa don kada aiki ya tsaya ba, shi zai faɗa da bakinsa. Na dai san kwalaben nan gidajen mutane suke shiga, su ma da yaransu.

Yau da safe na tsayar da tankin, na kira masu binciken lafiya. Za su tambayi wanda ya taɓa akwatin, ni kuwa ba zan ce ban sani ba. Na so ki fara ji daga gare ni. In kin yi fushi, ki yi, zan jira.

Ki gaishe mini da yara.

Ƙanwarki har gobe,
Auta