Takardun Aljihun Naila

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Naila, ƙanwar maigidan, wadda ke zaune da mu, kwana uku ke nan tana tsakurar abinci. Sai tagumi da ɓoye wasu 'yan takardu. Na san alamun nan, a duk littafin soyayyar da na karanta haka ake farawa. Shekara sha uku kacal! Na ce, "'Yar ƙanwata, waye shi?" Ta dube ni kawai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wanka uku Naila ta yi yau. Ta roƙe ni in daina sa daddawa a miya. Na yi dariya, har na fesa mata turarena.

Asabar, 11 ga Mayu

Innalillahi. 

Ina wankin kayan makarantarta na ci karo da takardun a aljihu. Na zauna ina murmushi, wai zan karanta wasiƙar soyayya. "Mai warin daddawa, koma ƙauyenku." "Kada ki taɓa bencinmu." Guda bakwai, kowacce da rubutun hannu daban.

Inna, mahaifiyarsu, daddawa take yi a ƙauye. Ranar da ta kai wa Naila ziyara makaranta da ƙullinta a hannu, ashe daga nan tsangwamar ta fara.

Na ja hannun rigarta sama. Duk ta saɓule fatarta da soson ƙarfe na wanke tukunya. Ta ce, "Anti, warin ba ya fita. Ke ma kin ji, ai kin fesa min turare."

Ni. Ni da hannuna.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na kasa buɗe littafi. Maigidan ya karanta takardun a tsaye, ya nemi wuri ya zauna.

Talata, 14 ga Mayu

Mun je makarantar a Sabon Gari. Malamar ajin ta ce wasan yara ne. Wata siririyar yarinya, Keziya, ta miƙe ba wanda ya kira ta: "Malama, ba wasa ba ne. Wata biyu Naila a ƙasa take zama. Jiya ta ce da ma ba a haife ta ba."

Wata biyu! Ina gida ɗaya da ita, ina kuka a kan mutanen takarda.

Keziya ta ɗauke jakarta daga benci ta ce wa Naila, "Zo nan. Mamata ma da daddawa take miya, wa ya mutu?"

Gobe za mu kai Naila asibiti, saboda hannun da kuma waccan maganar.

Juma'a, 24 ga Mayu

Keziya ta biyo Naila gida, har Samaru. Na yi miyar kuka, na sa daddawar Inna ban tambayi kowa ba. Naila ta daɗe tana kallon kwanon. Loma huɗu, na ƙirga.

Littafin da nake karantawa yana shafi na sittin tun waccan Asabar. Ba wai na daina ba ne. Ƙarfe biyu Naila take dawowa daga makaranta, kuma daga bakin ƙofa an fi ganin fuskar mutum.