Kwanakin Jan Biro

Lajawa, 6 ga Mayu

Zuwa ga maigidana, Baban Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da duk mutanen gida. Ya kasuwar shanu? Wasiƙa na rubuto, don ka san abin da ya sami wayata, tunda a gabanka na maka ta da bango.

Yau wata uku da na yi yaji, karo na huɗu ke nan. Ka turo biko, ban manta ba. Kawu Isyaku da furfurarsa ya zo da goro, na ƙi fitowa gaishe shi, na ɗaga murya daga ɗaki na ce ya koma da kayansa. Baba ya ce ba shi da sauran bakin da zai neme ku.

An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu har na gaji, babu aljanin da ya yi magana. Anti Uwani mai aikin jinya ce ta sa muka lissafa ranakun yajin nan. Kowane yaji, saura mako guda fashin sallata nake yin sa. Ranar da Kawu ya zo ma haka.

Ta kai ni wajen likita a Kano, aka sa ni rubuta halin da nake ciki kullum har wata biyu. Likitar ta ce ciwo ne sananne da ke kama wasu mata kafin al'ada: fushi, kuka, baƙin ciki har mace ta ji rayuwa ta ishe ta. Ta ɗora ni a kan magani.

Ga kalanda nan, jan biro shi ne munanan kwanakin. Ba wanke kaina nake ba, so nake ka gani. Wallahi ina kewarka.

Taka,
Khaulat

Lajawa, 9 ga Yuni

Baban Mairo,

Sallama da gaisuwa. Da fatan damina ta same ku lafiya. An ce shiru ma magana ce, amma ni ban karɓi wannan ba.

Jajayen kwanakin sun zo sun wuce. Ban fasa magani ba, na bar goro da baƙin shayi, kullum da safe ina takawa gona tare da Inna. In na ji zuciyata ta taso, sai in shiga ɗaki in rufe bakina. Na yi kuka sau biyu, na daka wa Mairo tsawa sau ɗaya, na ba ta haƙuri. Ban warke ba, amma ban fasa ko kofi ba.

Na je Achika na durƙusa gaban Kawu. Maganar al'ada ba ta faɗuwa gaban dattijo, sai Anti ta yi wa matarsa bayani. Ya ce ya yafe, saura kai.

Mairo in ta ji ƙarar babur sai ta ruga zaure. Ni ma kunya ce kawai ke riƙe ni. Wa yake dama maka fura? Na san Hajiya cika sukari take yi.

Matarka,
Khaulat

Lajawa, 20 ga Yuni

Baban Mairo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Kawu ya aiko mini da kalandar. Na ga ka bi watannin gaba har Disamba ka ja musu jan biro da hannunka. Ka kuskure kwana biyu a Agusta, amma dillalin shanu ya yi ƙoƙari.

Ranar da ka kewaye ta biko kuwa tsakiyar jajayen ta faɗa. Na ɗauka wani kuskuren ne, sai na ga abin da ka rubuta a ƙasa: da ƙafarka za ka zo, kuma matar waɗannan kwanakin ma taka ce.

To ka zo. In ka ji ina kuka, kada ka juya babur. Zauna a zaure, zan fito.

Mai jiranka,
Khaulat