Guntun Fatar da Ya Tsallaka Teku

Roccavelia, 3 ga Maris, 1987

Ƙanwata Ottavia,

Ina gaishe ki da mijinki da yara. Mu dai lafiya, in ban da gwiwar nan da ta raina ni.

Kin tuna babban littafin waƙoƙin cocinmu, na fata, wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi? An fito da shi daga akwati saboda rufin cocin yana yoyo. An turo wata mata daga L'Aquila, Malama Berardi, tana gyara shi. Ta ce ya kai shekara ɗari shida. Jiya ta buɗe shafin Kirsimeti, sai ga ramin nan inda aka yanke hoton Maryamu da jariri. Ta shafa bakinsa ta ce, "Wanda ya yanke wannan bai yi sauri ba. Ko layin waƙa ɗaya bai taɓa ba."

To kin san garinmu. An sake tono maganar marigayi Ermete mai kaɗa ƙararrawa, wanda aka kora daga coci a kan hoton. 'Yarsa Nunziata ta ji ana yi a gidan burodi, ta ajiye burodinta ta fita. Ta ba ni tausayi.

Ki rubuto, kada ki yi mini rowar takarda.

Yayanki,
Saverio

Fremantle, 29 ga Maris

Yaya Saverio,

Gaisuwa mai yawa. Ka zauna kafin ka karanta.

Hoton yana wurina. Safiyar da zan shiga jirgin ruwa, Baba ya ja ni bayan gida ya danƙa mini hankici a naɗe. Ya ce, "Kada ki buɗe sai kin daina hango ƙasa." Mabuɗan coci a hannunsa suke lokacin, ka sani. Da na buɗe sai na ga Maryamu, bai fi tafin hannuna ba, ga saniyar nan mai kallon gefe da muke yi wa dariya muna yara. Shuɗin rigarta har yau kamar bai bushe ba.

Ban ji abin da ya sami Ermete ba sai bayan shekara biyu, a wasiƙar Mama. Na ce zan yi magana in Baba ya rasu. Da ya rasu na ce sai bayan Mama. Ga shi shekara talatin da ɗaya.

Ina jin tsoron abin da za a ce game da Baba. Ka yi mini faɗa in ka ga dama, amma ka gaya mini yadda zan yi.

Taka,
Ottavia

Roccavelia, 2 ga Mayu

Ottavia,

Ina gaisuwa. Na jima ban amsa ba don ba na son in rubuta cikin fushi. Kwana goma wasiƙarki na aljihuna.

Ban fara zuwa wurin Fada, limamin cocinmu, ba, wurin Nunziata na je. Na same ta tana ɓare wake a ƙofar gida. Na faɗa mata komai a tsaye. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Zauna mana, Saverio, ka tare mini rana."

Na zauna. Ta ce, "Ai mun sani. Babana ya shigo coci ya ga naku da aska a hannu, yana kuka."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

Ta ce, "Cewa ya yi mutumin da zai sa 'yarsa a jirgi, bai san ko zai sake ganinta ba, ba a ƙara masa wani kaya. Ya ɗauka zancen zai mutu cikin wata guda. Shi ya riga zancen mutuwa."

Ottavia, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tambaye ta abin da take so. Ta ce a faɗi gaskiya a coci ranar Lahadi, a inda aka kira babanta ɓarawo. Ba ta son a zagi namu. Daga nan ta miƙo mini kwano, muka ɓare waken tare.

Malama Berardi kuwa har rawa ta taka. Ta ce kada ki kuskura ki aiko hoton ta gidan waya. A sa shi tsakanin kwali biyu masu tsabta, a ba wanda zai riƙo a hannu. Ko akwai ɗan garinmu da zai zo hutu bana?

Allah ya tsare ki.
Saverio

Fremantle, 24 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Ba zan ba kowa ba. Zan sauka Roma ranar tara ga Yuli, ka zo da mota, kuma kada ka yi mamakin furfurata.

Ka gaya wa Fada ni zan tashi in yi magana, ba kai ba. Ka tambayi Nunziata ko za ta yarda in zauna kusa da ita.

Ƙanwarka,
Ottavia